Faifan Aro

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina koyarwa a makarantar Bagudo, kaina kuwa ya kumbura har hula ba ta zama, domin an buga mini littafi a Zariya. Ɗan siriri ne, in ka sa shi a aljihun riga sai ka manta yana nan, amma ni a lokacin gani nake duk ƙasar Kabi ba a taɓa yin irina ba. Labaran wurinmu na tara a ciki: noman shinkafa, fatauci, kiwo, da zaman mutanen bakin iyaka, waɗanda gonarsu take hannun Ingilishi, surukansu suna hannun Faransa. Ban sa sunan kowa ba. Na ɗauka wannan ya isa.

Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne boko. Masu karanta boko a Bagudo a wancan zamani ba su da yawa, wasunsu ma ni na koya musu, a cikin mata kuwa ban san ko ɗaya ba. Saboda haka na rubuta abin da ba zan iya faɗa da baki ba, ina ganin can Zariya da Kano za a karanta, inda ba wanda ya san ƙofar gidanmu. Littafin ya zame mini kamar rumbu: na zuba abina, na rufe, na ɗauke tsani.

Sai ga bikin mulkin kai ya matso. Hedimastanmu mutumin gabas ne, dogo, mai son jawabi. In ya fara magana a taron safe, sai rana ta fara kayar da yara kafin ya kai rabi. Shi aka ɗora wa shirya bikin garin. Ya kira ni ofishinsa ya zayyana mini yadda za a yi: fareti, ɗaga sabuwar tuta, tseren yara, sannan a raba musu shinkafa da nama. Hakimi zai zo, Di'o, Baturen mulkin yankinmu, zai zo, har ma'aikatan kwastan na gefen Dahome an gayyato, tunda su ma ba su daɗe da karɓar nasu mulkin ba. An kuma aro lasifikar motar majigi, irin wadda in aka yi tari a cikinta sai an ji a rijiyar ƙarshen gari.

"Daga nan sai kai, Malam," in ji shi. "Ai mu ma muna da marubuci. Za ka karanta wa jama'a wani yanki daga littafinka. Na riga na sanar da hakimi."

Na ce na gode, ranka ya daɗe. Na fito ina taku ɗai-ɗai, ina amsa gaisuwar yara da ka. Sai da na zauna da la'asar a ƙofar ɗakina na buɗe littafin don in zaɓi abin da zan karanta, sannan na gane abin da na jawo wa kaina.

Babin fatauci na fara dubawa, domin shi ya fi ban dariya. A ciki na bayyana dalla-dalla yadda ake ratsa daji da gishiri da atamfa a kan jakai, a bi ta bayan 'yan kwastan suna barcin rana. To ga 'yan kwastan nan za su zauna a sahun gaba, ga masu jakan a tsaye a bayansu, kowa ya san kowa. Na wuce. Babin jangali kuwa, inda shanu suke wayar gari a Dahome duk ranar da masu ƙidaya suka iso, su dawo bayan sun tafi, ko mahaukaci ba zai karanta shi a gaban hakimi ba. Babin shinkafa ba ya cutar da kowa, amma wa zai tsaya cikin rana ya ji ɗan boko yana koya wa mutanen Bagudo yadda ake shuka shinkafa? Da na tsufa ana yi mini dariya.

Saura babi ɗaya, wanda tun farko nake ta zagaye shi. Shi ne mafi kyau a littafin, na sani, kuma labarin uwata ne.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a zamaninmu ba ya bukatar bayani, amma yaran yanzu suna bukata. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta zai taka a gabanta, iyakarta ta ce wa wata, "Ku dubi wancan." Kunya ce, kuma da ita ake auna mace. Inna kuwa a wannan fanni ba ta da ta biyu a Bagudo. In yarinya ta haihu ta fara zumuɗin jaririnta, da Inna ake yi mata misali. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, uwarta, a wani ƙauye da ke hayin iyaka gaba da Lolo, can na tashi har aka sa ni makaranta. Da na dawo gida, abin da ke tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. In durƙusa a bakin ƙofa in ce ina kwana, ta amsa tana duban wani wuri. Sauran magana sai ta bi ta bakin ƙanwata. Sunana a wurinta "wancan", in ta ji daɗi kuma "mai makaranta".

Ina yaro abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina gani tana ba ƙannena ƙanzo a hannu, tana goge musu majina da bakin zane, ni kuwa ko inuwata ba ta kallo. Na san al'ada ce, an sha gaya mini, amma sanin bai hana ni jin zafi ba.

Kakata ce ta sanyaya mini zuciya, wani hutu da na je mata, kafin ta rasu. Na yi mata ƙorafi cikin wasa, ta dube ni ta ce, "Maigidana, kai dai ba ka san komi ba." Sai ta ba ni labarin shekarar da baƙon dauro ya kama ni ina ɗan ƙarami, har aka fara fid da rai. Ƙarshen damina ne, Kwara ta yi ambaliya, fadamun da ke tsakanin Lolo da ƙauyen duk sun zama tafki, masu jakai ma sun daina bi. Wata rana da hantsi sai ga Inna a ƙofar gida, jiƙe har ƙirji, ƙafarta ta hagu tana zubar da jini inda kututture ya sare ta a ƙarƙashin ruwa. A kanta faifai ne guda. Ta ce wai faifan da ta ara ne ta kawo. Cikin ambaliya, faifai! A ƙarƙashinsa, inda gammo yake zama, ƙullin magani ne da ɗan man shanu. Ba ta tambayi jikina ba, ba ta shiga ɗakin da nake kwance ba. Ta ajiye, ta juya, ta sake faɗawa fadama. Haka kakata ta faɗa mini, haka kuma na rubuta.

Ciwon nan ya zama gyambo, ya bar ta da ɗingishi. Duk Bagudo an san ɗingishin Inna, amma abin da aka sani shi ne gatari ya sare ta wurin itace. Ita ta faɗi haka, kowa ya karɓa. Mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, in ya san gaskiya, da ita ya tafi kabari.

Na rufe littafin na yanke shawara: shinkafar zan karanta, a yi dariyar a gama.

Washegari na gaya wa hedimasta. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce zan karanta wa jama'a fatiha da Turanci.

"Shinkafa? A ranar mulkin kai? Haba Malam. Matar nan mai faifai za ka karanta. Ba ka gane abin da ka rubuta ba ne? Matar nan ita ce Nijeriya! Ta sha wuya, ta ratsa ruwa saboda 'ya'yanta. Na ba Di'o labarinta, har ya ce yana ɗokin ya ji."

Na ce babin ya yi tsawo. Ya ce zai rage tseren yara. Na ce maƙogwarona ba ya jin daɗi kwanan nan. Ya ce ai amfanin lasifika ke nan. Dalili ɗaya ya rage mini, shi ne na gaskiya, shi ne kuma ba zan iya faɗa ba. In na ce masa matar nan uwata ce, na riga na yi abin da nake gudu, domin bakin hedimasta ba ya riƙe magana; kafin a tashi makaranta sai malamai sun ji, kafin magariba matansu sun kai rijiya. In kuma na ƙi ba dalili, na kunyata shi a gaban hakimi da Di'o, ni ƙaramin malami. Na tsaya a gabansa ina murza hula, na ce to, ranka ya daɗe.

Ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Matata tana Kaoje wurin iyayenta tana wankan haihuwar fari. Ni kaina da na je ganin jaririyar, nesa na tsaya ina tambayar surukina labarin ruwa, alhali hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauke ta. Saboda haka kada wani ya ce ban san nauyin abin ba.

Sai na koma dabara. Na ɗauki fensir na mayar da ƙafar hagu ta dama. Na mayar da faifai tabarma. Na ce matar 'yar Kamba ce. Kullum bayan an tashi makaranta sai in zagaya bayan aji in karanta da ƙarfi, awakin maƙwabta suna saurare. Duk abin da na cire, sai in ji labarin ya rasa rai. In kuma na mayar, sai in ga Inna tsaye a gabana sarai. Ga shi hedimasta yana da nasa littafin, kuma shi mutum ne da in ana karatu yake bin layi da yatsa.

Da abin ya ishe ni, na ɗauki gyararren na tafi gidan ƙanwata. Tana aure kusa da gidanmu, kullum tana wurin Inna, bakinta kuwa ko reza albarka. Na iske ta tana tankaɗe. Na ce ta saurara ta gaya mini in ya yi daɗi. Ina tsakiyar karatu na ji rariya ta tsaya.

"Yaya, wagga ai Inna ta."

"Wace Inna? Wata mata ta can Kamba."

"Kamba mi? Mata nawa kas sani garin ga masu ɗingishi, uwassu na hayin Faransa, ɗansu na hwari can yat tashi? Don ka juya ƙahwa sai a ɓace ta?"

Sai na ga hawaye suna sauka a kan garin da take tankaɗewa. "Ashe ba gatari ba na," in ji ta a hankali. Ta goge fuska da bayan hannu, ta bar fari a kunci, daga nan kuma faɗa ya tashi.

"Wanga abu za ka hwaɗi cikin lasihika? Ka tuɓe mata zane tsakar kasuwa ya hi mata sauƙi. Duk 'yan matan da anka yi ma hwaɗa da sunanta, ranassu ta zo. Waƙa za su yi mata bakin turmi. Wallahi ba ta ƙara taka rijiya."

"To mi kika so in yi?"

"Kai kar rubuta, kai kas sani."

Na roƙe ta kada ta gaya wa Inna. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ta ci gaba da tankaɗenta da ƙarfi kamar rariyar ce ta yi mata laifi.

Kwanakin nan na yi su cikin fushi. Ina jin haushin hedimasta da Nijeriyarsa mai faifai. Ina jin haushin motar majigi, domin ba don ita ba da Inna ta zauna a ɗaki abinta, maganar ta tsaya a filin makaranta. Ina jin haushin al'adar da ta sa son ɗa ya zama abin ɓoyo kamar kayan sata. Har Inna ma na ji haushinta. Can ƙarƙashin haushin kuma akwai wani abu da na kasa korewa: ina so a ji. Ina so duk Bagudo su san ni ma ina da uwar da ta ratsa ruwa domina. Wannan son da wancan tsoron suka sa ni a tsakiya, abinci ma ya daina shiga.

Ana saura kaɗan biki na je gaisuwa da safe kamar kullum. Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana ɗinkin faifai, domin sana'arta ce, ƙanwata tana gefe tana tsage mata kaba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa faifan. Har zan tashi sai ta ce da ƙanwata:

"Gobe 'yan kasuwal Lolo za su tashi da sassahe. Ki ce su jira ni. Kawunku ba shi jin daɗi, za ni in dubo shi."

Kawunmu, ƙanenta da ke can hayin iyaka, an gan shi kasuwar da ta wuce yana ciniki yana dariya, ƙalau. Na dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai tana ta tsage kabar da ta riga ta tsagu. Na gane ta faɗa.

Na ce da ƙanwata, "Hanya da ruwa hwa."

Inna ta ce da ƙanwata, "Ruwa dai ba bana anka fara shi ba. Ku sha bikinku. Ni ƙarar abin ga na majigi ciwon kai taka sa ni."

Ina so in ce, Inna ki zauna, ba zan karanta ba, su kore ni in sun ga dama. Amma in na faɗi haka, na nuna mata ido da ido cewa na sani, kuma na san ta san na sani. Wannan ya fi lasifika nauyi. Mu uku muna zaune a tsakar gida ɗaya, kowa ya san komai, babu mai ikon buɗe baki. Na ce Allah shi kiyaye hanya. Ta ce amin, ta ja zare.

Da safe na tsaya a bakin dangar makaranta na hango su suna fita gari, jakai a gaba, mata a baya da kaya a ka. Ba sai an nuna mini ita ba, tafiyarta daban ce. Na bi ta da kallo har dawa ta rufe su. A nan ƙofar ƙarshe ta rufe mini, domin yanzu in ban karanta ba, tsohuwa ta sha hanya a banza.

Ranar biki gari ya cika. An yi fareti, an ɗaga tuta, yara sun yi tsere rabi saboda ni. Mata suna can baya a gindin itatuwa, wasu a bakin danga. Aka kira ni, na hau kan teburin da aka yi dandamali da shi. Gyararren yana aljihuna, amma ban fito da shi ba. Tunda ta riga ta tafi, na ga yi wa labarinta ƙarya cin fuska ne na biyu. Na buɗe littafin yadda aka buga shi, faifai da ƙafar hagu da komai.

Na yi sallama, muryata ta fita ta bugi bangon masallaci ta dawo mini kamar ta wani. Na fara. Da na kai wurin faifan aro cikin ambaliya, maza suka fashe da dariya. Da na kai wurin kututture da jini, dariyar ta mutu. Sai na ji daga ɓangaren mata wata ta ce "Laa!" ta tafa hannu. Ban so in duba ba, amma na duba. Kawuna suna ta juyawa wuri ɗaya, wurin da ƙanwata take tsaye ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wani tsoho maƙwabcinmu da ke kusa da tebur ya sunkuya yana zana ƙasa da sandarsa. Na ci gaba, domin ba hanyar sauka. Na karanta yadda matar ta ajiye ƙulli a ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta tambaya ba, ta juya ta koma ruwa. A nan muryata ta karye, lasifika kuwa ba ta da sirri, ta kai wa kowa.

Aka yi tafi. Di'o ya gyaɗa kai bayan tafinta ya gama raɗa masa. Hakimi ya ce madalla, amma irin madallar da ake yi wa yaron da ya yi suɓul da baka a gaban baƙi. Hedimasta ya karɓe lasifika ya shiga bayyana wa jama'a cewa matar nan ita ce Nijeriya. Ya daɗe yana bayani. A gindin itatuwa ba mai sauraronsa, su sun riga sun san ko wace ce.

Abin da ƙanwata ta faɗa, shi ya faru, har da ƙari. In ta je rijiya sai wata ta ce, "Ku ara muna faifai mana, mu ma muna da ɗan hwari." 'Yan mata suka sa shi a waƙar tafi. Waɗansu maza suna tare ni a hanya su riƙe hannuna su ce na sa su kuka. Waɗansu tsofaffin mata kuma in na gaishe su sai su kau da kai. Ƙanwata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana.

Inna kuwa ba ta dawo ba. Ciwon kawu ya yi ta tsawo. Ruwa ya janye, shinkafarta ta nuna a fadama, tsuntsaye suka ci rabonsu kafin in yi gayya a yanke saura. Ɗakinta yana rufe, kaba ta bushe a rataye. Ba halin in je in taho da ita. Ɗan fari ya ƙetare iyaka neman uwa, ai na ba matan rijiya babi na biyu ke nan. Sai dai in tare fatake in tambaye su labarin kawu. Su ce yana lafiya, su ƙara da cewa yanzu hanya ta canza, kowane gefe an sa sababbin masu kaki suna tambayar mutum ina za shi. In tsaya ina jiran su ce wani abu game da ita, su kuma, da yake mutanen kirki ne, su yi shiru don kada su ba ni kunya. Kowace safiya ƙafata takan kai ni ƙofar gidan, in tsaya ba wanda zan gaisar, in wuce makaranta.

Sai da sanyi ya kusa fita, bakin gari ya koma kan wata motar ɗaukar kaya da ta maƙale a fadama aka kasa fitarwa, sannan ƙanwata ta aiko mini cewa Inna ta iso.

Na je bayan la'asar. Tana zaune a wurinta, da faifai a hannu kamar jiya ta tashi. Ta rame, ƙafar kuma ta miƙe ta gaba, an naɗe da tsumma. Na durƙusa a inda na saba. Na gaishe ta, ta amsa tana duban ɗinkinta. Na yi shirin jin faɗa ta bakin ƙanwata, har ina fata a yi, ko na samu sauƙi.

Can ta ce da ƙanwata, "Gudun banza niy yi. Har can maganar tat tad da ni. Wani mai jaki yab ba kawunku labari, tun daga hwari har ƙarshe, ina zaune."

Ƙanwata ta ce, "Sai haƙuri, Inna."

"An ce wai ƙohwa nit tsaya, niy aje kaya nij juya. Wa yag gaya mai haka?"

"Kaka ta."

Inna ta ɗan yi tsaki, ta soka allura. "Tsohuwa ruhwa mani asiri tay yi. Ƙarya mai makaranta yak karanta ma mutane."

Ta ja zaren har ƙarshe, ta gyara shi da haƙori.

"Na shiga. Tana ganina tad ɗauki tulu wai za ta rijiya, ga randa cike. Na iske shi jikinai kamar garwashi. Bisa ƙahwag ga niy aza shi, ni nib ba shi maganin. Sai da zuhwa tak karyo mai sannan nit tashi."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Miƙo mani kabac can."

Ƙanwata ta miƙa mata. Ni kuwa ina durƙushe ina duban ƙafar nan da aka naɗe da tsumma. Tun da na yi wayo nake zaton hannunta bai ƙara taɓa ni ba bayan yaye. Na rubuta haka, an buga, na hau tebur na shelanta wa gari. Ina so in rarrafa in dafa ƙafar, ina so in kira ta in yi kuka kamar yaro. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba, kuma ba halin in matsa.

Na ce, "Sannu da hanya, Inna."

Ta ce, "Yauwa." Sannan ta ce da ƙanwata, "Ki ba wancan ruwa shi sha."